Kifin Da Ya Ƙi Shiga Bakin Gora

Ran nan na tsaya shan shayi a fadar 'yan kabu-kabu ta bakin kasuwa, sai ɗayansu ya miƙo mini wayarsa. Wani Bature ne a ciki, tsaye a bakin teku da gajeren wando da doguwar sanda mai ƙyalli. Ya wurga ƙugiya, kafin in kurɓi shayina ya jawo ƙaton kifi ya rungume. Mai wayar ya ce, "Baba Lawali, ashe wanga ne sun tekun da kake cika muna kunne da shi? Ai ko tsohuwata ta iya." Sauran suka kwashe da dariya. Na ce ya gaishe mini da tsohuwar, in ta shirya mu tafi tare. Wayar ta nuna musu kamun, ba ta nuna musu tsayuwar ba. To tun da kun ce abin da sauƙi, ku gyara zama ku ji yadda ni na koye shi.

Ni ɗan Jiratawa ne, daga gidan masunta. Wanda ya riƙe ni a sana'a ƙanen mahaifina ne, Baba Arzika, mutum gajere mai faɗin ƙirji, wanda in ya yi dariya sau ɗaya a damina to an yi shekara mai albarka. Sunmu na gora ne. Ana shuka duma a fadama, a bar ɗa guda a jikin yaɗo ya sha shi kaɗai, har ya girma ya fi ƙarfin runguma. In ya bushe a fafe masa baki, a kwashe cikin, a turara shi, a shafe da mai. Masunci ya kwanta rub da ciki a kansa, homa, wato ƙaramin tarun hannu, a kowane hannu, ƙafafu na tuƙi. Kifin da ka kama, ta bakin nan za ka jefa shi ciki.

Aikin farko da Baba ya sa ni ba a ruwa muka yi shi ba. Da rani ne, gulbi ya ƙafe ƙaf, ya tasa ni gaba muka bi rairayi daga Jiratawa har kusa da Tsibiri. Ya nuna mini inda ruwa ya ci gindin gaɓa, da inda ya tara yashi, da inda ya haƙa gurbi ya bar laka, can ƙarƙashinta gaiwa na barcinta. Ni kuwa ƙafata na toyewa, hankalina na kan furar da muka baro. Ya ce, "Buɗe idonka. Ruwa ba shi mance hanyarshi. Inda ya kwana bara, nan za shi kwana bana, kuma nan kihi za shi taru." Kowane rani sai mun yi wannan tafiya, har na zama ina iya zana gulbin a ƙasa da tsinke.

Gidanmu da wata al'ada da ban ji ta a wani gida ba. Ba a yaye mai koyo, a ba shi goransa, a kira shi masunci, sai ranar da ya kamo da hannunsa kifin da ya ƙi shiga bakin goran maigida. Kuma sai wanda aka yaye ne yake da ikon yaye wani. Na kawo tarwaɗa iri-iri, wasu har ina taƙama a hanya. Baba ya sa gora tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗora kan kifin a baki, ya danna da tafin hannu, sai ka ji tim a ciki. Ya ce, "Ya shiga," ya ci gaba da gyaran homarsa. Ɗan cikinsa ma, Hamisu, ya taɓa kawo wadda ta tsaya. Baba ya juya ta, ya karkata ta, ya danna har ta faɗa. Hamisu ya yi zuciya ya koma sayar da man fetur a bakin iyaka, bai sake taɓa homa ba. Sai ya rage ni kaɗai, gemu ya fito mini ina ɗaukar goran wani.

Sai muguwar shekara ta zo. Lokacin ne aka gama babban taron ƙasa, aka buɗe siyasar jam'iyyu, kowace fada da tutarta, kowane mai shayi ya zama masanin tsarin mulki. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, albashi ya yi wata da watanni bai fito ba. Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da ke sayen ƙarfasa wurinmu kowace Juma'a, sai ya zo ya gaishe mu, ya gaishe da kifin, ya wuce. Matan da ke suya a tasha suka koma tuyar ƙosai. Gulbi kuma ya zo kamar an aiko shi, ya yi 'yan kwanaki ya koma. Wasu suka ce madatsar da aka yi can sama ce, wasu suka ce damina ce ta gaza. Ko mene ne, abin da ya rage a guraben ko kyanwa ba ta ƙoshi da shi. Masunta suka rataye homa, suka nemi fili a noman rani, fadamar duma ta zama ta tumatir da albasa.

Gora ɗaya ya rage a gidanmu, na Baba. Bayan girbi ya kira ni ya ce, "Lawali, gwiwata ta ƙare, ba ni ƙara shiga ruwa. Innarka ta daɗe tana son manyan ƙorai na hura. In hadarin hwarko ya zuba ba ka kawo kihin ba, in raba wanga gora biyu in ba ta, sana'a ta tsaya kaina. Ba ni yaye kowa da ƙarya."

Na ce, "Baba, ina ruwan da zan kama shi?"

Ya ce, "Wannan kuma tambayarka ce, ba tawa ba."

Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don na san ba ya faɗa ya fasa.

Wani Alhaji a Maraɗi yana loda aya da wake zuwa Kwatano, na samu aka ɗauke ni cikin masu lodi. Ba kamun kifi na tafi yi ba, dako na tafi yi, don ciki ba ya jiran gulbi. Amma ranar da aka sauke kaya na bi wata mota zuwa wani ƙauyen masunta yamma da birnin, in ga tekun nan da ido. Na iske ruwa ya ja baya da nisa, ya bar rairayi jiƙe, ga gurabe, ga tudun yashi. Ɗan gulbi ya san ma'anar wannan: ruwa ya janye, sai baɗi. Na tuɓe riga da hula da takalmi, na ajiye su a rairayi, na ɗora ƙunshin ƙuli-ƙulina a kansu, na bi gurabe ina dubawa kamar yadda aka koya mini. Da na gaji na hau tudu na yi azahar, na kishingiɗa gindin kwakwa, barci ya ɗauke ni. Ina farkawa na ga ruwa ya cinye filin duka har da kayana, yana ta hauhawa. Na ruga cikin ƙauye ba riga, ina gaya wa mutane da Hausa da hannu su kwashe yara da awaki, ambaliya ta zo.

Wani tsoho da ke ɗinkin taru ya yi dariya har allura ta faɗi daga hannunsa. Sunansa Kojo, ya iya Hausar zango don ya yi zama da fataken goro. Ya ce, "Ɗan ina ne kai?" Na ce Maraɗi. Ya ce, "Ɗan Maraɗi, zauna. Nan ruwa ya tafi, ruwa ya dawo, kullum. Daminarmu sau biyu ce a yini." Matarsa, Mama Afi, ta ba ni wata tsohuwar rigar mijin, ta zubo mini teba da miya mai barkonon da ya sa na manta da hulata. Da na gaya wa Kojo ni ɗan gidan masunta ne, da maganar goran da za a raba, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce in na iya tashi da asuba in zauna. Motar Alhaji ta koma ba ni.

Kojo ya tsufa da shiga jirgi, daga gaɓa yake sunsa, kuma ba shi da sanda mai ƙyalli. Kayan aikinsa zaren roba ne mai kauri, naɗe a jikin ɗan katako, da ƙugiya, da dalma. Dalmar mu muke narka ta daga tsohon batirin mota, mu zuba a ramin da muka yi a yashi, mu soka mata ƙafafun waya don ta kama ƙasa, in ba haka ba igiyar ruwa ta maido maka ita gaban ƙafarka. Tsakanin ƙugiya da zare kuma sai an sa waya, don akwai kifin da haƙoransa ke yanke zare. Ƙugiyar da na saba da ita a gida tana shekara ba ta yi komai ba. A can in ka kwana ba ka wanke ta da ruwan rijiya ka shafa mata manja ba, gishiri ya cinye ta. Abin da za a sa wa ƙugiya ma aiki ne. Da sassafe za ka bi ƙaguwa a guje, ko ka tsaya bakin jiragen da suka dawo ka roƙi ƙananan kifi, ka ɗaure a ƙugiya da zaren ɗinki don kada ya fice wurin jifa.

Jifan nan da kuka ga Bature ya yi, shi ne ya fi ba ni kunya. Za ka warware zare a kan yashi, ka riƙe dalma da tsawon hannu, ka juya ta bisa kai har ta yi kuka, ka saki, ta wuce inda igiyoyi ke fashewa. Jifana na farko ya tafi baya, ya sauko da wankin wata mata. Na biyu ƙugiya ta kama wandona, na kusa jefa kaina. Kojo ba ya faɗa. Sai dai ya ce, "Sake," ya juya yana dariya kafaɗunsa na rawa. Bayan jifa sai tsayuwa. Zare a kan yatsa, an naɗe yatsan da tsumma, rana a ka, gishiri a ido, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Dole ka rarrabe jan igiyar ruwa da jan ciyawa da taɓin kifi, kuma duka ukun da farko iri ɗaya suke. Akan yi yini ba a samu ko taɓi ba. Doka ɗaya Kojo ya kafa mini da fuska a ɗaure, kada in kuskura in ba teku baya.

Masu sayenmu iri biyu ne. Akwai matan banda, su ba ruwansu da kyan kifi, nauyi suke dubawa, kuma bakinsu ya fi na dillalan Maraɗi kaifi. Akwai kuma wani kuku na wani otel da ke zuwa a kan babur, ya buɗe kunnen kifi ya leƙa, ya dubi idonsa, ya shinshina, kamar mai neman aure. In ƙugiya ta yaga gefen baki sai ya ce Turawansa ba za su ci ba. Na ce wa Kojo a garinmu wanda ya tsaya duban idon kifi sai ya iske an cinye jikin.

Na kama kifi da dama a watannin nan, amma kowanne in na gwada kansa da hannuna sai in ga zai shiga. Faɗin bakin goran Baba a tafina yake, taƙi ne da ɗan ɗori, na daɗe ina ɗaukarsa. Zafi ya fara, na san can gida an soma sharar gona. Sai na koma ga abin da na iya. Duk lokacin da ruwa ya ja baya, in bar Kojo yana hutawa in bi rairayi. Kusa da inda wani tafki ke zuba cikin teku na ga wani dogon gurbi a bayan tudun yashi, da wata 'yar ƙofa inda ruwa ke tsiyayewa ya koma. Na kira Kojo na nuna masa. Ya ce ya san wurin, in ruwa ya cika nan ne igiya ba ta fashewa, launin ruwan ya fi duhu, amma bai taɓa sanin ta ina ƙofar take ba. Shi daga sama yake karanta ruwa, ni daga ƙasa aka koya mini. Muka kafa kara a tudu daidai ƙofar.

Da hantsi ne, ruwa na hawa, na jefa daidai karan da rabin kifi a ƙugiya. Ban daɗe ba na ji an taɓa, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Sai zare ya miƙe. Tsumman yatsana ya tashi, zaren ya shiga nama, ga tabon nan har yau. Kojo yana cewa, "Ba shi zare, ba shi, bi shi." Na bi shi da gudu a gefen ruwa, ya yi gabas na yi gabas, ya juyo na juyo, in ya tsaya in naɗe, in ya ja in saki. Da ya gaji ya taso, na ga bayansa fari yana walƙiya cikin igiya, sai jinin gidanmu ya motsa. Mu a gulbi in kifi ya zo kusa faɗa masa ake yi a rungume. Na zabura zan shiga, Kojo ya cafke ni ta ƙugu, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya ce, "Ka shiga, ku biyu za ku tafi. Jira igiya ta kawo maka." Ya sa na sassauta lokacin da ruwa ke komawa, na ja lokacin da babbar igiya ta taso. Ita ta ɗauko shi ta shimfiɗe mana a yashi.

Tsawonsa ya kai ƙirjina. Fari ne, da wasu dogayen zaruruwa a ƙarƙashin haɓa kamar gemu. Sunan da suke kiransa harshena bai taɓa iya shi ba, ni dai Mai Gemu nake ce masa. Na ɗora hannu a kansa, taƙina bai kai ko'ina ba. Na zauna a yashi na yi ta dariya ni kaɗai, don daɗi.

Kukun otel ya zo yana son kifin duka, har yana lallashi. A ƙa'ida rabi na Kojo ne. Na ce wa Kojo, "Maigida, ɗauki jikin duka, ka bar mini kai." Kuku ya ce ba ya sayen kifi ba kai, ya hau babur ya tafi. Kojo ya ɗaga kafaɗa ya ce matan banda ba sa tambayar kai. Mama Afi ta karɓi kan tana cewa, "Mutanenku ƙashi suke ci?" Ba yadda za a kai ɗanyen kifi Maraɗi a wannan zafi, dole sai banda, kuma kowane masunci ya san banda tana rage kifi. Ta yi mini ita a hankali da ɓawon kwakwa, wuta kaɗan hayaƙi da yawa. Duk da haka kullum na gwada sai in ga ya tsuke. Ranar da ta naɗe mini shi a takardar siminti, ɗan abin da ya fi bakin gora bai wuce kaurin yatsa ba.

Hanya ta ƙara cin nata. Muka iske ana yajin aiki a iyaka, motoci jere a bakin gada, muka yi kwanaki a rana. Kowane shinge sai an tambayi abin da ke wari a ƙunshina. Wani jandarma ya buɗe, suka yi ido huɗu da Mai Gemu, ya ce wannan wane irin kaya ne. Na ce shaida ce zan kai gida. Ya rufe ya ce Allah ya ba da sa'a a shari'ar. Muna wuce Ƙonni na ga hadari ya haɗu a gabas, iska na ƙanshin ƙasa. Ban ƙara gwada kan ba, don ba na son abin da hannuna zai gaya mini.

Na iske Baba a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, a ƙofar gida, gora a gefensa, an riga an zana masa layi da gawayi a tsakiya, ga zarto an aro. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Kafin in kwance ƙunshin, tsofaffin masuntan unguwa sun taru, Inna na leƙe ta kan danga. Baba ya juya kan, ya shinshina, ya ja gemun.

Ya ce, "Wane ruwa?"

Na ce, "Teku, Baba."

"Da hannunka?"

Na nuna masa yatsana. Wani tsoho ya ce kifin gishiri ba ya cikin lissafi, kakanni ba su san shi ba. Baba ya ce, "Kihi sunka ce. Ba su ce na wane ruwa ba."

Ya jawo gora ya sa tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe bakin da hannun hagu, ya ɗora kan. Ni ne mafi kusa, a durƙushe, kuma na ga abin da nake tsoro. Kan ya fara zamewa, ya wuce ido, yana tafiya. Sai ya tsaya cak. Na duba da kyau. Babban yatsan Baba na hagu yana cikin bakin goran, a maƙale tsakanin gefen da ƙashin kifin, hannun rigarsa ya rufe shi daga sauran mutane. Ya ɗaga tafin dama ya danna, kamar yadda ya saba, da dukan ƙarfinsa. Ya juya goran ya sake dannawa. Ya tashi tsaye rabi ya ɗora nauyinsa. Ƙashin busasshen kifi kaifi gare shi, amma Baba ko gira bai motsa ba.

Ya ce, "Ya ƙiya."

Tsofaffi suka yi ta sa albarka, Inna ta ce to ita kuma furarta a tafin hannu za ta dama. Baba ya zare kan, ya sa hannun hagu cikin aljihu, ya goge layin gawayin da gefen rigarsa, ya turo mini goran da ƙafa. Ya ce, "Ɗauki, masunci. Ka nemi iri ka shibka duma bana, ba a fafe gora ranar tahiya." Na rungumi goran, na yi godiya.

Washegari na ga farcen ya yi baƙi ƙirin, yatsan ya kumbura. Na ce, "Baba, mi ya samu hannunka?"

Ya ce, "Ƙyaure ya datse ni."

Haka ya gaya wa duk wanda ya tambaya, har farcen ya faɗi wani ya fito. Ɗakin Baba kuwa, tun da na buɗe ido na san shi, asabari ne a ƙofarsa, ba ƙyaure ba.